Ɗaurin robar fitsari a jikin majinyaci

Waɗanda ke kwance Allah ya ba su sauƙi, masu jinya kuma Allah ya ƙara musu haƙuri.

Hirarmu ta yau a kan wani ɗan abu ne da ido ke rainawa, wato ɗaurin nan da ake yi wa robar fitsari a cinyar majinyaci ko a kan mararsa. Robar ita ce ma'aikatan gidan likita ke kira sondi. Ku gafarce ni tun yanzu, don akwai inda zan ambaci abin da ba a saba faɗi gaban surukai ba. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa.

Ni ba likita ba ne, malami ne mai koya wa manya karatu. Abin da ya sa na shiga wagga magana, a gidanmu ya faru. A bazarar shekarar 2023 fitsari ya ɗauke wa kawuna, ƙanen mahaifiyata, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya. Ya kwana yana murƙususu, mara ta kumbura ta yi tauri. Da gari ya waye munka ɗora shi a amalanke zuwa gidan likita, anka saka masa sondi, nan take fitsari ya zubo, tsoho ya yi ajiyar zuciya har barci ya ɗauke shi. Anka manna robar a cinyarsa da ɗan guntun filasta guda, anka ce mu koma gida mu dawo ranar da anka rubuta mana. Kun san zafin bazara. Kafin mu isa gida gumi ya ɓamɓare filastar, ba wanda ya kula, don ba wanda ya gaya mana amfaninta. Mu a zatonmu ado ce. Kwana na uku da asuba kawu ya yunƙura zai tashi, ashe jakar fitsarin tana rataye a ƙafar gado, shi kuwa ya mance. Ya miƙe, robar ta fizgo ta fito gaba ɗaya. Jinin da na gani ranar ba na fatan wani ya gani. Raunin ya warke, amma ya bar tabo a ciki, hanyar fitsari ta tsuke, sai da anka yi masa aiki daga baya. Kuɗin da munka kashe ya kai na tumaki, abin da guntun filasta da magana ɗaya za su hana.

To, tun daga nan na shiga tambayar ma'aikatan lafiya, na kuma karanta abin da na samu. Shi ne na kawo muku.

Mu fara da sanin ita kanta robar. Tiyo ce siririya mai laushi, ana zura ta ta hanyar fitsari har cikin mafitsara. In kun dubi ƙarshenta na waje za ku ga ya rabu biyu kamar gwafa. Reshe ɗaya shi ne babba, nan ake haɗa tiyon jaka, ta nan fitsari ke bi. Ɗaya reshen ƙarami ne, yana da ɗan murfi mai launi. Ta nan likita ke tura ruwa mai tsabta da sirinji, galibi mililita 10, ruwan ya tafi ya cika wani ɗan balan-balan da ke can kusa da bakin robar, cikin mafitsara. Balan-balan ɗin in ya cika ya kai girman ƙaramin goro, shi ke hana robar zamewa. Wani likita ɗan Amurka mai suna Frederic Foley shi ya ƙago wagga dabara wajen shekarar 1929, shi ya sa har gobe za ku ji ana cewa sondin Foley.

A jikin ƙaramin reshen akwai lamba, 12, ko 14, ko 16, ko 18. Kaurin robar ke nan. Awon na wani maƙerin kayan likita ne da ya yi zamani a birnin Paris, sunansa Charrière, kuma kowace lamba 3 daidai take da milimita 1. Ke nan lamba 16 ta ɗara milimita 5 kaɗan, ba ta kai kaurin fensirin da muke rubutu da shi a aji ba. Ku da kunka koyi lambobi, ku karanta wagga lamba ku rubuta ta a littafinku, don ranar canji in an aike ku farmasi ba sai kun yi kame-kame ba.

Yanzu ku haɗa lissafin da kanku. Hanya ce da aka zura wa abin da bai kai fensiri ba, a bayanta kuma ga goro a zaune. In an fizgo robar, goron nan ta cikin wagga ƴar hanya zai biyo, yana yaga nama yana tafe. A jikin namiji hanyar ta kai tsawon santimita 20 ko kusa da haka, a jikin mace santimita 4. Abin da ya samu kawuna ke nan.

Mutane da yawa, har da wasu masu aikin jinya, suna cewa ai balan-balan ya riƙe ta, me za a yi da wani ɗauri? Nan kuskuren yake. Aikin balan-balan ya hana robar sulalewa, ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Babbar jakar fitsari tana cin lita 2, in ta cika nauyinta ya kai kilo 2. In ba a kafe robar a fata ba, duk nauyin nan a wuyan mafitsara yake rataye. Ko babu fizga mai ƙarfi, ɗan ja na kullum, tashi da zama da juyi a shimfiɗa, yana gurzar ciki sannu a hankali. Shi ke kawo zafi, da murɗar mafitsara, da ɗigar fitsari ta gefen robar, da jini. Ga namijin da ya daɗe da sondi tana lilo, robar kan ci bakin mazakuta ta tsaga shi ta ƙasa, kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya. Duk wanda ya taɓa jan ruwa ya ga waɗannan zurfafan sawu a jikin itace. Itace ma ke nan, balle nama.

Akwai kuma maganar ƙwayoyin cuta. Robar da ke shiga tana fita, kowane motsi tana kwasar dauɗar waje tana kai ta ciki. Masana sun auna, sun ga kowace rana da sondi ta ƙara a jiki, haɗarin ƙwayoyi su shiga fitsari yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100, har in an yi wata guda kusan kowa na ɗauke da su. Don haka ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a cikin ƙa'idodin da ta fitar a shekarar 2009, ta sa kafe sondi bayan an saka ta cikin abubuwan da ba a sakaci da su. Don haka ne kuma ya kamata duk zuwa gidan likita ku tambaya cikin ladabi: likita, har yanzu da bukatar wagga roba? In babu bukata, cire ta ya fi kowane irin ɗauri.

To, ƙa'idar ɗaurin guda ce, in kun riƙe ta kun riƙe hirar yau: duk jan da zai zo, ya tsaya a kan fata, kada ya kai ciki. Ku duba yadda ake yi wa akuya talala. Ana kafa turke mai ƙarfi, a bar igiya da saura. Maɗaurin da ke cinya shi ne turke. Tsakanin turken da jikin majinyaci sai a bar robar ta ɗan yi sako-sako, ta ɗan lanƙwasa, yadda in ya buɗe ƙafa, ko ya durƙusa, ko ya yi ruku'u da sujada, ba za ta miƙe ta yi tsai ba. In an ɗaure ta a miƙe, to an gudu ba a tsira ba, don ɗaurin da kansa ya zama mai ja. Amma kada sakin ya yi yawa har robar ta naɗe ko ta karye kamar kara, fitsari ya kasa wucewa. Kafin a manna, majinyaci ya miƙe ƙafarsa sosai, a auna wurin, sannan a matso sama da misalin faɗin yatsa biyu. Bayan an manna a ce ya motsa ƙafar, ya zauna, ya tashi, a tambaye shi ko yana jin ja.

Wurin ɗaurin ya danganta. Mace a cinya ta ciki. Namiji mai yawo da ƙafarsa a saman cinya ta gaba. Namijin da ke kwance kullum, wanda zai daɗe da ita, likitoci da dama sun fi son a ɗaga mazakutar sama a manna robar a kan mara, don kada ta riƙa danna lanƙwasar da ke ƙasa. Wanda kuma anka huda masa mara anka saka sondi ta nan, tasa a kan ciki ake kafe ta. Likitan da ya saka shi zai nuna muku wurin. In bai nuna ba ku tambaya kafin ku bar ɗakin, ku ce ya yi a gabanku ku gani. A jikin robar kuwa, inda ya fi dacewa a kama shi ne daidai gwafar nan, wurin da ta rabu biyu, don nan ta fi kauri kuma ba ta zamewa.

Da me ake ɗaurewa? Wanda kowa ya sani shi ne filasta, wadda a gidajen likitarmu ake kira siparadara. Ita ce mai araha, ita ce kuma mai saurin cin amana, domin gumi da maiƙo abokan gabarta ne. Amma yawancin laifin da ake ɗora mata na hannun mai mannawa ne. Ga yadda wata ma'aikaciyar jinya ta koya mini, na kuma gwada a jikin kawu da hannuna. Ka wanke hannu da sabulu. Ka wanke wurin da ruwa da sabulu, ka goge, ka jira ya bushe ƙarau. Kada a shafa man kaɗanya, ko man shanu, ko bazalin, ko hoda a wurin. Na san uwayenmu mata ba su son ganin fatar majinyaci ta yi furu-furu, to a shafa ko'ina amma a bar nan. In akwai gashi a rage shi da almakashi, kada a sa reza, don reza na barin ƙananan raunuka. Sai ka yanko filasta mai faɗi ka shimfiɗa a kan fata ita kaɗai, ta zama tushe. Ka yanko ta biyu, tsawon tafin hannu, ka ɗora tsakiyarta a kan robar, ka zagaye robar da ita, ka matse ta ƙasan robar har ɓangarorin biyu su manne da juna su yi ɗan wuya, sannan ka buɗe fikafikan biyu ka manna su a kan tushen. Da haka robar tana tsaye a kan ɗan wuyan nan, ba ta kwanta ta danne fata ba, in an ja ta kuma wuyan ne ke amsa ja. Wanda ya shimfiɗa filasta kawai a kan roba kamar mai liƙe takarda a bango, kafin la'asar robar ta zame ta ƙarƙashi.

Kada ka ja filasta ta miƙe lokacin mannawa, in ka yi haka fata za ta yi bororo. Wajen cirewa kuma ba a fizga. A jiƙa ta da ruwan ɗumi, a danne fata da yatsa ɗaya, a riƙa naɗe filastar baya a kwance, sannu sannu, ta inda gashi ya kwanta. Fatar tsoho kamar takardar da ta sha rana ce, fizga ɗaya sai ta yage. Duk canji a matsa wuri, yau dama, gobe hagu, fata ta huta. In wurin ya yi ja, ko ƙuraje, ko ƙaiƙayi mai tsanani, jikinsa bai karɓi irin wagga filasta ba, a gaya wa likita ya sauya wata.

Na biyu shi ne maɗaurin cinya. Wani ƙyalle ne mai talewa, mai faɗi kamar yatsa uku, ana zagaya cinya da shi, yana da ɗan harshe da ke kama robar. Bakinsa irin abin nan ne da ke jikin takalman yara, wanda ke mannewa ya yi ƙara in an ɓamɓare. Abin dariya, wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, George de Mestral, daga wata ƙaya mai maƙalewa a tufafi da gashin karensa ya ɗauko wagga dabara a shekarar 1941. Mu da ƙarangiya ta dame mu tun kaka da kakanni, tsaki kawai muka iya yi mata. Shi wanga maɗauri a ganina ya fi dacewa da ƙasarmu ga mai yawo da ƙafarsa, don gumi bai kashe shi, ana wanke shi a shanya a maida. Sai dai yana da sharaɗi. A ɗaura shi yadda yatsa biyu za su shiga ƙarƙashi. In ya fi haka matsewa zai tare jini, in ya fi haka saki zai sulale zuwa gwiwa ya ja robar. A sauya ƙafa kullum, a duba fatar. Wanda ƙafarsa ke kumbura, ko jini bai gudana sosai a ƙafafunsa, ko ciwon sukari ya kashe masa jin ƙafa, wanga maɗauri ba nasa ba ne sai da izinin likita.

Na uku shi ne na zamani, wanda ake mannawa. Faifai ne mai danƙo kamar tafin hannun yaro, a tsakiyarsa akwai ɗan maƙulli na roba mai juyawa. A manna faifan a cinya, a sa gwafar sondi cikin maƙullin a rufe, ya yi ƙyas. In majinyaci ya juya, maƙullin ya juya tare da shi. Wanda ya fi suna shi ne StatLock, wani likita ɗan Amurka mai suna Steve Bierman ya ƙago shi. Yana yin kwana 7 kafin a canja, kuma da alkol ake jiƙa gefensa a cire. Yana da kyau ƙwarai, amma da tsada, ba kowane gidan likita ke da shi ba. Kada wanda bai samu ba ya ga kamar an bar shi baya. Filastar da anka manna da kyau, ana dubawa safe da yamma, ta fi na'urar da anka manna anka mance.

In dare ya yi filasta ta ƙare, kanti kuma da nisa, a samu bandeji ko tsumma mai tsabta, mai laushi, mai faɗi, a zagaya cinya, a ɗaure robar a jikinsa ba tare da an shaƙe ta ba, kafin gari ya waye. Abin da ban yarda da shi ba, kuma na gani da idona a gidaje, shi ne ɗauri da robar tayar keke, ko zare, ko igiyar rama, ko salatif ɗin masu gyaran lantarki. Waɗanga suna yanka fata, suna tare jini. Kada kuma a soka allura ko fil a jikin robar, kada a yanke ta da almakashi ko da wane dalili.

Ɗauri bai cika ba sai an san inda jaka take. Ruwa gangare yake bi, saboda haka jaka kullum ƙasa da mafitsara take zama, in ta hau sama fitsarin da ya fita zai komo da dauɗarsa. Nan akwai matsala da littattafan Turawa ba su san da ita ba: mu da yawanmu a tabarma muke kwana, a ƙasa. Mai kwance a ƙasa, ina ƙasa da shi? To mai sondi a nema masa gado, ko na kara ne, ko na aro ne. A rataye jakar a gefen gadon, ko a sa ta cikin bokiti mai tsabta da anka keɓe don haka, kada bakin zubarwarta ya taɓa ƙasa. Tiyon ya bi ta saman cinya, kada majinyaci ya kwanta a kansa. Kuma ku tuna da kawuna: kafin majinyaci ya tashi, a fara kwance jaka, a riƙa ta a hannu, sannan ya miƙe. Ku maimaita masa wannan har ya zame masa jiki. Mai fita gona ko kasuwa akwai ƙaramar jaka ta rabin lita da ake ɗaurawa a ƙafa cikin wando, ita ma da nata maɗaurai biyu, sama da ƙasa. Su jaka suke riƙewa, ba su isa su maye gurbin ɗaurin robar ba. A zubar da fitsari kafin jaka ta cika, in ta kai kashi biyu cikin uku ya isa, a wanke hannu kafin da bayan. Kada a riƙa raba robar da tiyon jaka ba dalili, duk rabuwa ƙofa ce anka buɗe wa cuta. Ranar hawa amalanke ko babur, a zubar tukuna, a duba ɗauri, a tattara tiyon cikin tufafi don kada ya sarƙe da wani abu.

Yanzu ina magana da ku mata, da ku mazajensu, don a nan ne abin ya fi nauyi. Macen da ta yi doguwar naƙuda, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin yana iya mutuwa ya huje, shi ne yoyon fitsari. Ana saka wa irin wagga mace sondi don mafitsara ta zauna babu komai a ciki, naman ya samu ya warke. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda ya yi shekaru yana aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, maƙwabtanmu, ya nuna cewa in an saka sondi da wuri aka bar ta makonni, wasu ƙananan hujin sukan rufe da kansu ba tare da aiki ba. Waɗanda kuma anka yi wa ɗinki, ko a cibiyar Danja kusa da Maraɗi wadda anka buɗe a shekarar 2012, ko a Yamai, ko a Damagaram, su ma da sondi suke tashi daga aiki. Hukumar lafiya ta duniya a shekarar 2018 ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10 ga ɗinkin da ba shi da wuya. Mai wuya kuwa likita ke yanke kwanakinsa. A cikin waɗanga kwanaki, in robar ta fizge, ko ta lanƙwashe ta toshe, mafitsara ta cika ta tale, ɗinkin zai iya ɓarkewa. Mace ta yi shekaru tana jiran wagga rana, an guje ta, ta sha gori, sai aikin ya lalace saboda zane ya naɗe tiyo cikin dare. Ke mai jinya, uwa ce ke ko ƙanwa, idonki a kan abu biyu: ɗaurin yana nan, fitsari kuma yana ɗiga. Ki ba ta ruwa ta sha da yawa kamar yadda anka ce. In kin ga ɗiga ta tsaya, ki tashi ma'aikaciya ko tsakar dare ne, kada ki ji nauyi.

Tsohon da hankalinsa ya gushe, ko mai zazzaɓin da ya ruɗe, shi da kansa yake kai hannu ya ja. Ba faɗa za a yi masa ba, bai san yana yi ba. A sa masa wando mai tsawo, tiyon ya bi ta cikin ƙafar wandon ya fita ta ƙasa inda hannu bai kaiwa, a ba shi tasbaha ko wani ƙyalle ya riƙa murzawa, wani kuma ya zauna kusa.

Ƙa'idar nan ita ce dai a kan ƴar robar da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa ko ƙarin jini, wadda da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro, za ka ga yara jere da ita a hannu. Uwaye da yawa suna zaton allura ce ke cikin hannun. A'a, allurar an zare ta tun farko, ƴar roba ce mai laushi ta rage, kuma ba ta da balan-balan, filastar nan kaɗai ke riƙe da ita. In ta fita sai an sake neman jijiya, kun kuwa san wahalar neman jijiyar yaron da ya bushe. Saboda haka ɗan katakon da anka ɗaura wa hannun a bar shi, kada a jiƙa wurin, kada a naɗe shi da zane har a kasa gani, a bar yatsu a waje. Inda ake da filasta mai haske wadda ake hango fata ta cikinta, ita ta fi, don ido na kan wurin. In hannu ya kumbura, ko ya yi ja, ko ya yi sanyi, ko yaro na ƙara duk lokacin da anka tura magani, a kira ma'aikaci. In gefen filasta ya ɗaga, a faɗa tun bai ɓamɓare ba.

Ku ɗalibanmu, ga inda alƙalaminku zai yi aiki. Duk ranar da anka manna sabon ɗauri ku rubuta kwanan wata a kansa. Ku rubuta a littafi ranar da anka saka sondi da ranar da anka ce a dawo, domin irinsu ba ɗaya ba ne: wata ba ta wuce mako 4, ta silikon tana kaiwa mako 12, likita ne zai faɗa. A jikin jaka akwai layuka da lambobi, 500, 1000, 1500, ku karanta kafin ku zubar ku rubuta. Likita na jin daɗin mai jinyar da ya zo da takarda fiye da wanda ya ce ai dai yana yi.

Abubuwan da in kun gan su ba a kwana: fitsari ya tsaya awa biyu ko uku alhali majinyaci na shan ruwa, kun duba tiyo bai lanƙwashe ba, mara kuma na ciwo, jini mai gudaji, ruwan mugunya a bakin robar, zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon kwiɓi, ko tsoho ya ruɗe farat ɗaya. In kuwa robar ta fito, kada wanda ya ce zai maida ta, ko da ya taɓa ganin ana yi. A sa ta cikin leda a tafi da ita tare da majinyaci, likita ya duba ko balan-balan ɗin ya fito cikakke ko wani yanki ya rage a ciki.

Nan za mu dakata. Wanda ke da mai sondi a gida, kafin ya kwanta yau ya ɗauki fitila ya je ya duba cinyar nan. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.